Na'ana'ar da na Cinye a Fas

Ulaisha, Riyad
Cikin watan Zulƙida

Zuwa ga Yayana Basiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ta girmamawa da ta kewa daga ƙanwarka Ummukulthum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Hansai da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan da Yaya Hansai ta ce yanzu har salla a zaune kake yi wani lokaci. Kai dai ba ka faɗa min ba, ko da yake ban yi mamaki ba, tun muna yara haka kake da ɓoye ciwo. Mu nan alhamdu lillahi. Inuwa yana nan yana tuƙinsa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, an kuma sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, hankali ya kwanta. Shakir ya yi tsawo har ya wuce ubansa. Jidda kuwa sai addu'a, in na yi mata Hausa sai ta amsa min da Larabci, in na yi faɗa ta yi dariya ta ce wai Hausata gudu take yi.

Na san abin da kake jira, Yaya. Tun bara ka ce ƙarfinka ya ƙare, kana so in an gama aikin fatun Babbar Sallar bana a rufe majemar Baba, a cike ramukan a yi ɗakuna. Zayyanu ya yarda, Bilƙisu ta yarda, ka ce ba za ka zuba ko kwano ɗaya na ƙasa ba sai ka ji daga bakina, tunda gadon na mu duka ne. Ni kuma duk ranar da ka tayar da maganar sai in ce layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, ni ce ba na son ji. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Tamimu ɗalibin nan ɗan unguwarmu da zai zo hutu ya kawo maka, domin a waya kuka zai riga ni magana. Amma ka yi haƙuri in fara ba ka labarin inda na je, don daga can na samo amsar.

Madam, matar da nake yi wa girki, ta tafi hutu Maroko ta ce in raka ta, cikinta ba ya karɓar abincin kowa sai nawa. Haka na tsinci kaina a Fas, garin da tsofaffin unguwarmu ke zuwa ziyara su dawo suna ba da labari. Yaya, tsohon garin a kwari yake kwance, gida bisa gida, duk launin ƙasa, kuma mota ba ta shiga. Ta wata babbar ƙofa shuɗiya muka kutsa, daga nan sai lungu ya haifi lungu. Wani in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango biyu. Alfadarai ne ke dakon kaya, har tukunyar gas, mai korarsu yana ihun a ba da hanya, kowa ya manne da bango. Baƙi kuwa ba a magana! Turawa da 'yan Sin da Larabawa, wando iya gwiwa, waya a sama, kyanwa ma in ta kwanta a bakin ƙofa sai an ɗauke ta hoto. Masu shaguna suna ta kirana, wannan ya ce Senegal, wancan ya ce Mali, wani ya jawo mayafi ya yafa min a kafaɗa tun ban taya ba. Masu cewa za su nuna maka hanya sun fi hanyoyin yawa.

Duk da hayaniyar nan, ni tafiya nake kamar cikin barci. An rufe saman wasu lungunan da kara, sai rana ta riƙa zubowa layi-layi a kan fuskokin mutane. Can ciki maƙeran tagulla suna ta ƙwanƙwasa, sautin yana bin ka ko ka yi nisa. Wani wurin sai ka ji ruwa yana gudu a bayan bango, ka duba ba ka gan shi ba. Gidan da muka sauka ƙofarsa ƙarama ce, sai ka sunkuya, amma kana shiga sai ga tsakar gida da bishiyar lemo da ruwa yana tsiyaya a tsakiya, shiru kamar ba a cikin kasuwa kake ba. In an kira la'asar, masallaci ya karɓa daga masallaci har kwarin ya cika. Na ga mutanenmu ma, dattawa da manyan riguna da carbi, sun nufi zawiya, na gaishe su suka amsa da Hausar Damagaram. Wallahi a kowace kwana sai in ji kamar in na karya zan ɓullo ƙofar gidanmu, in tarar da Inna tana shara.

Ranar da abin ya faru, muna cikin tafiya sai ƙafata ta tsaya da kanta. Hancina ne ya riga idona. Toka, jiƙaƙƙiyar fata, kashin tantabara. Madam ta toshe hanci da gyale ta ce wane irin wari ne wannan, ni kuwa har na buɗe baki ina shaƙa. Shekara nawa rabona da shi! A Riyad komai turare ne da sanyin na'ura, rago ma a leda yake zuwa. Aka nuna mana wani matsattsen bene a cikin shagon jakunkuna, aka ce ta nan ake hawa a kalli majema. A ƙofar benen wani mutum yana tsaye da dami na ɗanyar na'ana'a, duk wanda ya zo sai ya miƙa masa reshe. To ni 'yar gidan Baba, an miƙo min abu a bakin ƙofa, na ɗauka goron baƙo ne irin nasu. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya, na yi bismilla na tauna. Sai da muka hau sama na ga kowa ya cusa nasa a hanci. Ashe na toshe wari ne! Madam ta yi dariya har da hawaye, ta ce a kawo min wani, na ce a bar shi, ni ba abin da ke damuna. Oh ni Ummu, ƙauyanci har Maroko.

Daga saman nan na leƙa, sai ga ramuka jere kamar tandar waina, sai dai tandar ta cika fili guda. Wasu fari fat, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, wasu rawaya. An shanya fatu a kan rufin gidaje ko'ina. Maza suna ciki har cinya suna tattakawa, wani yana sunkuye yana karta da wuƙa mai hannu biyu, irin kartajin Baba sak. Na tuna ni da Bilƙisu muna dakan bagaruwa muna atishawa, kai kana ɗebo ruwa, Baba yana murza fata kusa da kunnensa. Ƙirjina ya cika. Na ce a raina, ka gani ko, ga mutane sun riƙe sana'ar kakanninsu har duniya na hawa jirgi tana zuwa kallo, mu kuma Yaya yana so ya binne tamu. Har na fara shirya maganganun da zan faɗa maka, masu zafi.

Sai idona ya faɗa kan wani dattijo a ramin da ke ƙarƙashinmu. Zai yi sa'anka, siriri, da furfura a gemu. Ya gama, yana so ya fito. Ya dafa bakin ramin ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ya tsaya ya riƙe gwiwa da hannu biyu, ya runtse ido, bakinsa yana motsi. Ya sake yunƙurawa, ta sake ƙi. Sai da wani abokin aikinsa ya zo ya kama shi ta hammata ya jawo shi, ya zauna a bakin ramin yana haki. Na ga ƙafafunsa, duk sun tsattsage, ruwan ya cinye fatar. Wata Baturiya kusa da ni, ganye a hanci, ta ɗauke shi hoto ta ce wa mijinta abin ya yi kyau. Haushi ya kama ni, har na juya zan harare ta. Sai na tuna ni ma yanzun nan na gama cewa masha Allahu. Ni da ita a bene ɗaya muke tsaye, ƙafarmu a bushe. Bambancinmu kawai ita ta sa ganyenta a hanci, ni na cinye nawa.

Yaya, a wurin nan na yi kuka, Madam ta ɗauka warin ne ya sa ni. Ni majemar Baba daga nesa nake sonta. Ina nan cikin sanyin na'ura ina so in riƙa tunawa cewa tana nan, ana aiki, warin yana tashi, don in ji har yanzu ina da gida. Amma ba gwiwata ce a cikin ruwan toka ba, taka ce, tun kana saurayi har ka yi furfura. 'Ya'yanka sun yi karatu sun kama wasu hanyoyi, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma ban tura Shakir ya karɓe ka ba. Saboda haka ga amsata, ka karanta wa Zayyanu da Bilƙisu: na yarda. In an gama fatun Sallah a cike ramukan. Zai yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma na yarda da zuciya ɗaya, kuma na san Baba da yana raye da tuni ya kama ka ta hammata ya fito da kai.

Alfarma ɗaya nake nema. Ka san Baba ba ya barin fatar ragon suna ta fita daga gidanmu, shi yake jeme ta da gashinta ya yi wa jaririn buzu, a ajiye masa har ya isa salla. Kowannenmu yana da nasa, nawa yana nan a akwatina, gashin duk ya zube wajen goshi. Shakir da Jidda ne kawai ba su da shi a jikokin Baba, domin a nan aka haife su, ragunansu a mahauta aka yanka, ko fatar ba mu gani ba. In Allah ya kai mu Sallah, ka ware fatun layyar gida guda biyu, su zama na ƙarshe da za su shiga ramin Baba. Kada ka shiga da kanka, ka zauna a kan turmi ka sa Zayyanu ya tattaka, ai bai manta ba, yanga ce kawai. In sun bushe ka ba Tamimu ya taho da su. Don Allah kada Yaya Hansai ta turara su, na san halinta. A aiko su yadda suka fito, ina so yaran nan su sa goshi a kai su ji.

Ka gaishe min da Yaya Hansai, ka ce na gode da ta tona maka asiri. Ka gaida Zayyanu da iyalinsa, da Bilƙisu, ka ce mata har yanzu ta fi ni raki a dakan bagaruwa. Ka gaida Goggo Maimunatu, a roƙa mana addu'arta. Inuwa yana gaishe ka ƙwarai, Shakir da Jidda ma, ita da Larabcinta. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka makwancinsu. A ƙarshe ka gaida min gwiwoyinka, ka ce musu ƙanwarka ta ce sannunsu da aiki, su huta haka nan.

Taka har kullum,
Ummukulthum