Sunan da Na Kira Daga Kan Turmi

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Ina fata ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mahaifiyarka Inna tana sa maka albarka, Safiyatu tana gaishe da babanta. An gama sussukar dawa an zuba a rumbu, alhamdu lillahi.

Na ba Ɗanasabe direba wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Ka san gidan nan, ina ɗaga waya kowa sai ya sami abin yi kusa da ni.

An fara gasar ƙwallo ta bana a filin bayan gidanmu, kuma yaron nan, ɗanka na fari, shi suka sa tsaron raga. Ba zan ɓoye maka ba, ina kallo. Na kife tsohon turmi a gindin danga, in na hau ina hango filin duka. Inna ta ɗauka barkono nake shanyawa a kan rumfa. Ina shanyawar kuwa, don kada in zama mai ƙarya.

Jiya samarin Watari suka zo suka ci mu biyu, mu ko ɗaya. Malam, raina ya ɓaci. 'Yan bayanmu duk sai su kwasa su yi gaba kamar an ce ana rabon waina a can, su bar shi shi kaɗai da mutum uku. Ya tare wasu, ya faɗi a kan tsakuwa, gwiwar hannunsa ta saluɓe. Wannan ba wanda ya gani. Biyun da suka shiga su aka gani, har wani mara mutunci ya laƙaba masa suna Rariya, yara suka ɗauka.

Da ya shigo gida ban ce masa komai ba, ka san ba ya yiwuwa. Tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, balle in lallashe shi a gaban mutane. Man shanu kawai na ƙara a miyarsa, na ba Safiyatu ta kai.

Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Ramlat

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, da fatan wannan ta same ka lafiya. Mu ma lafiya, sai tarin Inna, shi ma da sauƙi. Saƙonka ya iso, sabulu da omo, Allah ya ƙara buɗi.

Amsarka ce ba ta yi mini daɗi ba, ka gafarce ni. Ka ce wasa ne kawai, in ya gaji ya biyo Ɗanasabe ya zo ka sama masa baro ya riƙa turawa. Ni ban hana shi neman na kansa ba. Amma ya tafi don ya ga dama daban, ya tafi don garinsu ya mai da shi abin dariya daban. Wanda ya fita a haka ba ya son dawowa ko da Sallah.

Mun sake shan kashi, uku da ɗaya. Biyu daga ciki laifin Jamil ne, ƙanen koci Kamaruddeen. Yaron nan in ƙwallo ta wuce shi ba ya bin ta. Tsayawa yake ya ɗaga hannu yana kallon alƙalin wasa, ɗaya hannun yana gyara suma. Shi kuwa Kamaruddeen, Allah ya shirye shi, bakinsa bai san sunan ƙanensa ba sai na ɗan mutane. Na yi istigfari a kan abin da na raya game da shi, amma ban janye ba.

Abin da ya fi ci mini rai a wurin niƙa ya faru. Hure, matar mai shayi, ta ce wai in ara mata rariyar gidanmu tunda an ce tamu ba ta riƙe komai. Mata suka kwashe da dariya suna kallona, don sun san ba ni da bakin kare shi. Uwar kirki a nan sai ta taya su dariya, ko ta ce ai ba ta san wanda ake nufi ba. Na sunkuyar da kai na ɗauki garina. Malam, don sauri a hanya har gari ya zube a kan zanena. Da Safiyatu aka taɓa, da Hure ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Shi me ya yi da ya zo farko?

Safiyatu ta ce ya haɗa kayansa a jaka ya tura ƙarƙashin gado. Koci ya gaya masa wasan Asabar da mutanen Ɗambatta shi ne na ƙarshe in aka sake zura masa. Ɗanasabe kuma Lahadi zai loda albasa. Ka ga yadda abin ya tsaya.

Na idar da salla na yi masa addu'a. A nan kaɗai nake faɗin sunan, shi ma a zuci.

Ka huta lafiya.

Ramlat

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina ƙoƙari? Kowa lafiya. Inna ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba wannan karon, don ba ta yi mini magana tun jiya. Gara ka ji dalili daga gare ni kafin Ɗanasabe ya ƙara masa gishiri.

Mu muka fara ci, tun kafin hutu. Daga nan mutanen Ɗambatta suka tare a gaban ragarmu. Yaron nan ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, akwai wadda ya ture da yatsu ta bi ta kan sanda. Ba wanda ya tafa masa da kirki. Ana dab da tashi Jamil ya sa hannu ya tare ƙwallo a gaban raga, kamar mai kama kaza, aka ba su bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ba baƙin ne suka fara ba, Malam. Namu ne. Tun ba a buga ba suka shiga kiran Rariya, Rariya, har da dattawan da suka ci tuwon sunansa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya tsaya a tsakiyar raga kamar wanda ya riga ya hau motar albasa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na dafa danga na kira sunansa, da muryar da ban san ina da ita ba. Na ce ya tsaya da kyau, uwarsa tana kallo.

Masu kiran Rariya suka juyo wajen danga. Ya waiwayo ya gan ni a kan turmi, mayafina ya zame, barkono ya watse. Ya daɗe yana kallona, har sai da alƙali ya busa masa usur. Sannan ya juya.

Ya tare ta. Ya yi tsalle hagu ya doke ta da hannu biyu. Sai dai ta dawo cikin fili, kuma 'yan bayanmu, duk huɗunsu, suna tsaye baki buɗe suna kallon dangarmu. Wani ɗan Ɗambatta ya zo a hankali ya tura ta ciki. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Amma wannan karon kowa ya ga inda rariyar take, har Kamaruddeen, wanda aka ji yana zagin ƙanensa tun daga fili har ƙofar masallaci.

Yanzu ni ce abin magana a gari. Inna ta ce na zubar da kunyar gidan nan a gaban maza. Hure ta kai labarin har kasuwar Tsanyawa. Na bincika abin da na karanta tun daga allo, ban ga inda aka hana uwa kiran abin da ta haifa ba. Mayafin da ya zame shi na nemi gafara a kai. Inna zan ba ta haƙuri har ta huce, don girmanta, amma ba zan ce na yi nadama ba.

Da magariba ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa. Ya ajiye mini barkonon da ya tsinto a bayan danga cikin hularsa. Da safen nan na ga kayan jakar a kan igiya Safiyatu tana shanyawa.

Don haka kada ka nemi baron nan. Ɗanasabe zai zo maka da takarda kawai. In ka sami safar hannu irin ta masu tsaron raga ka aiko, tasa ta yage. Ranar Asabar muna da wasa, koci ya ce shi ne dai a raga, kuma na sa an gyara wa turmin zama.

Wassalam. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Ramlat, mahaifiyar Abdulhadi