Firjin Tela

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki? Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso. Farantan sola biyun mun ɗaure su a ƙarfen baranda, muka jona wayar a soket, batirin kuma yana ƙarƙashin tebur. Ko mai gyaran wuta ba mu kira ba. Yanzu in an ɗauke wuta, firjinmu bai ma san an yi ba.

Allurar sugan Baba ta dawo gida. Ya huta da saukar bene kullum zuwa shagon Tela, inda ake ajiye masa ita a firji saboda janareton shagon. Ka san halinsu: allura ta ɗan lokaci, musu har la'asar. Baba yana ta sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Anti? Allah ya ƙara sauƙi.

Jikin Baba ƙalau, sai dai ya yi shiru. Wuni yake a baranda yana goge farantan nan, har na ce zai kankare su. Na ce ya sauka ya gaida abokinsa, ya ce me zai je yi, shi ba mai zaman banza a shagon mutane ba ne. Tela ma ya tare ni a matakala, wai in gaya wa Baba tunda ya mallaki rana ya manta da talakawa. Dariya ya yi, amma tarin da ya biyo baya bai yi min daɗi ba. Na kai saƙon. Baba ya yi murmushi, ya ce sai gobe.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan yara suna lafiya.

Tela ya rasu. 'Ya'yansa sun ɗauke shi zuwa asibiti a garin da suke, can rai ya yi halinsa. Baba ya lura keken ɗinki ya daina ƙara, amma ya ɗauka janareto ne ya lalace. Sai da aka zo kwashe kayan shagon muka ji.

Ranar Baba ya sauka ba tare da sandarsa ba. Ya tsaya yana kallo ana fitar da firjin. Da muka hau sama ya ce da ni, shekara da shekaru ya ɗauka magani ne yake kai shi shagon nan.

Ba laifinka ba ne, alheri ka yi. Ni da nake kusa ma ban gane ba, ina ta murnar an rage masa wahala.

Ka ce za ka ƙaro faranti saboda fanka. Bar shi, Yaya. Ka zo da kanka, ko na kwana biyu ne, ka ja Baba da musu. Ni na gwada, kome na faɗa sai ya ce min haka ne.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Auta