Tsoho Kuo Ya Ƙi Sallamar Marubuciyarsa

Zuwa ga Yayata Hsiu-chin,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina roƙon Mai Sama ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sa albarka a shagonku, ya kuma tsare ku a ƙasar mutane, don ko shekara nawa kika yi a Sao Paulo, a idon Mama jiya kika tafi. Mu nan Chiayi lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da ta yarda ta daina hawa bene shanya, ko da yake da zarar na fita sai ta saci jiki ta hau, maƙwabta ne suke kawo mini rahoto. Guguwar da ta wuce ta karya reshen mangwaron bayan gida, amma rufi bai taɓu ba. Kawu Wen-hsiung ya aurar da autarsa, an ci an sha, ni kuma na sha tambayar yaushe nawa har abincin ya fita raina.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannu alhali kullum muna waya. Dalili shi ne Mama ba ta matsawa daga kusa da ni idan ina magana da ke, wannan kuwa ba na so ya shiga kunnenta. Kin san tun da na bar gidan jarida nake zaman kaina, ina yi wa duk wanda ya neme ni rubutu. Yawancin aikin daga hannun Uwargida Yeh yake zuwa, mai kamfanin shirya jana'iza. Ita take haɗa ni da iyalan mamata in rubuta musu tarihin da ake karantawa ranar bankwana. Masu rai ba sa rasa ƙorafi, wannan ya ce na rage wa ubansa girma, waccan ta ce me ya sa sunan abokiyar gasar ƙanwarta a makaranta ya fito nata bai fito ba, duk na saba. Amma shi wanda aka yi rubutun dominsa bai taɓa sa baki ba, sai da na gamu da Tsoho Kuo.

Mai kiwon kifi ne a wani ƙauye bakin teku. Babban ɗansa, Chih-hung, likitan haƙori ne a Taipei, shi ya ba ni aikin ta waya yana tuƙi. Ya ce in rubuta cewa mahaifinsa mutum ne mai sanyin hali, mai kyauta, abin son maƙwabta. Na rubuta yadda ya ce, na gyara shi tsaf, na aika. Washegari ya kira ni ya ce mahaifinsa ya ƙi. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe karanta wa hoton mamacin suka yi, sannan suka jefa kwabbai biyu a ƙasa, kamar yadda muka riƙa yi wa Baba bayan rasuwarsa muna tambayarsa ko ya ƙoshi a ɗauke abinci. Ba ki manta ba dai: idan kwabo ɗaya ya nuna gefen kai ɗaya gefen lamba, ya yarda, duka lamba, ya ƙi, duka kai, dariya yake yi. To ni lamba biyu na samu. Na sake rubutawa, lamba biyu. Na rage tsawo, na ƙara zaƙi, lamba biyu.

Likita bai tsaya nan ba. Ya shiga shafin da marubuta irina muke samun aiki, ya ba ni tauraro ɗaya, ya rubuta wa duniya cewa rubutuna ba shi da rai, har gawa ta gane. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai, don kalmominsa ne na jera, ban ƙara ko ɗigo daga kaina ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kiran Uwargida Yeh. Ta ce ita ƙorafin mai rai bai taɓa hana ta barci ba, amma idan labari ya zaga cewa mamaci ya ƙi rubutun wance, babu gidan da zai yarda takardata ta shiga. Ta ce in je in samo yardar tsohon, a ce aiki ya ƙare lami lafiya, in ba haka ba hannunta ba zai ƙara miƙo mini komai ba.

Na rubuta wa likitan amsa mai zafi, wadda da ya karanta da sai ya nemi mai gyara masa nasa haƙoran, sannan na goge. Wannan ƙa'idata ce, ba na mayar da martani da yunwa ko da fushi. Na ci abinci, na huce. Ƙa'ida ta biyu kuwa, duk wanda ya ce aikina bai yi ba, nakan roƙe shi cikin ladabi ya nuna mini layin da bai yi ba. Sai na ce a raina, mai ƙorafi mai ƙorafi ne, ko yana numfashi ko ba ya yi. Na hau mota na tafi ƙauyen.

Da rana tsaka na isa, zafi kamar a bakin murhu, amma cikin rumfar makoki sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Hotonsa yana tsakiyar furanni, baƙin tsoho mai ƙanƙantattun idanu, irin waɗanda ba sa gode wa kowa. Matarsa, Inna Kuo, tana gefe tana naɗe furannin takarda da za a ƙona masa. Likita ya tare ni da cewa ashe manyan marubuta ma suna hawa motar haya. Na haɗiye, na kunna turare, na rusuna, na ce a ba ni dama in karanta layi layi, shi kuma likitan ya riƙa jefawa da hannunsa don kada a ce na yi dabara.

Shekarar haihuwa, ya yarda. Tafkunan kifi da ya gada, ya yarda. Da na zo kan mai sanyin hali, kwabban suka faɗi lamba biyu. Mai kyauta, lamba biyu. Da na ce abin son maƙwabta, suka yi ta juyi a kan siminti fiye da yadda ya kamata, sannan suka kwanta kai biyu. Inna Kuo ta rufe baki da furen takarda tana dariya tare da mijinta. Likita ya ce laifin muryata ne, wai ina karatu kamar mai sanar da lokacin jirgin ƙasa. Nan fa haƙurina ya ƙare. Na ce masa, da gatse kawai, to me yake so in rubuta, cewa duk shekarar da sanyi ya kashe kifi, tsohon yakan tura kwalekwale tsakiyar tafki, ya lulluɓe kansa da buhu, ya yi ta kuka yana ba matattun kifin haƙuri?

Kwabban suna hannun likita a lokacin. Ya rantse daga baya cewa bai jefa ba, suɓuce masa suka yi. Ɗaya kai, ɗaya lamba.

Inna Kuo ta ajiye takardar hannunta, ta dube ni, ta ce: "Yarinya, wa ya gaya miki maganar buhun? Ni kaɗai na taɓa gani, shi ma bai san na gani ba."

Yaya, ba wanda ya gaya mini. Ban taɓa taka ƙauyen ba sai ranar. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai wata magana ta fito a madadinta, cewa yana da tabo a cinyar hagu inda gora ta soke shi ranar da ƙanensa ya nutse, kuma tun daga nan bai ƙara furta sunan ƙanen ba. Aka jefa, ya yarda. Inna Kuo ta gyaɗa kai tana hawaye. Likita ya ce ƙarya ce, na bi maƙwabta ne na kwashi gulma don in kunyata gidansu. Ya durƙusa gaban hoton yana huci, ya ce: "Baba, in kori matar nan in kawo wani?" Lamba biyu. Ya tambaya ko aikina ya ƙare, lamba biyu. Ko zai ƙare ranar jana'iza, lamba biyu. Ko bayan an cika shekara. Wannan karon kai biyu suka ba shi, ba kuma wanda ya taya tsohon dariya.

An yi jana'iza. Likita ya karanta wancan rubutu na farko, mai sanyin hali da kyauta, wanda shi da kansa ya ce ba shi da rai, bai kuma cire tauraronsa ɗaya ba. Uwargida Yeh ta ba ni ruwan ganye na wanke fuska da hannu kamar kowa, ta ce in jira kiranta. Har yau ina jira, ban kuma ga laifinta ba. Inna Kuo ce kaɗai take kirana. Duk mako nakan je, in karanta abin da na rubuta game da tsohon, ita ta jefa. Kowane shafi tsohon yana karɓa. Ita kuma tana zaune tana sauraron mijin da ta ce bai taɓa yi mata hira mai tsawon shan shayi ba yana raye. Idan mun gama sai ta tambaye shi ko a sallame ni, kullum amsar ɗaya ce.

Na yi ƙoƙarin kama wani aiki. Wani mai shagon shayi ya nemi in rubuta masa talla, na zauna, da na ɗago kai sai na ga na cika shafi da yadda ake gane tafkin da iska ta ƙare masa tun kafin kifi su taso sama. Ni da ban san bambancin kifi da kifi ba sai a faranti. Mama ta ce ta lura na fara cin kunun shinkafa da cikin kifi, abin da kin san ko warinsa ba na so, kuma na koyi zama da ƙafa ɗaya a kan kujera kamar wani tsohon masunci. Na mayar da abin wasa don kada ta damu. Amma ke ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Da, abin da nake nema shi ne a wanke sunana in koma cin abincina. Yanzu ko sunan bai wanku ba, a dai ce mini na gama.

Ga alfarmar da nake roƙo. Duk duniya ba wanda ya san maganata kamarki, ke kika koya mini riƙe fensir. Ki karanta takardar nan a tsanake, kamar yadda masu ba ni aiki suke yi, kada ki tausaya mini. Idan kin ga inda ba bakina ba ne, ki ja masa layi ki kira ni lokacin da Mama take kasuwa.

Ki gaishe mini da maigidanki Yaya Ming-te, a ce ya rage shan taba. Ki gaishe da yaranki, Yu-ting, ina taya ta murnar cin jarrabawa, da Po-han sarkin ɓarna. Mama tana gaishe ku duka, haka Kawu Wen-hsiung da iyalinsa. Ki gaishe da Kim-lian, ki ce mata ba ƙin zuwa na yi ba, na zo har bakin gada da jakata na hango ta, ƙafata ce ta kasa ƙarasawa.

Yaya, na tsaya na sake duba layin nan na sama. Ban san wata Kim-lian ba, ke ma na san ba ki santa ba, amma ga shi ƙirjina yana ciwo don kewarta. Ban goge ba. Abin da ban sani ba shi ne da wane ido zan karanta wa Inna Kuo wannan, don ba sunanta ba ne, kewar kuma ta mijinta ce.

Ƙanwarki ce, har yanzu dai,
Pei-wen