Inna Ta Ce Zuciya, Likita Ya Auna Ƙirji

Zuwa ga Babban Likita mai kula da horar da likitoci da malaman asibiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce a sakandaren 'yan mata, daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi. Ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, amma ciwon mahaifiyata ya fi ƙarfin kunyata.

Na ɗaya. Da daminar bara yayana, ɗan farin Inna, ya rasu. Ka san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma kukansa a gaban mutane. Inna ta haɗiye, aka yi ta yabon haƙurinta. Da na zo hutu na tarar ta ajiye kaɗin auduga, tuwo sai loma biyu, magana sai an matsa.

Na biyu. Sau uku muna takawa zuwa asibitin da ke kusa da mu. Likita ya tambayi inda ke ciwo, ta ce zuciya. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya ce zuciyarta lafiya lau, ya ba da kwinin. Bai yi ƙarya ba. Amma zuciyar da ya saurara daban, wadda Inna take nufi daban. Bai tambaya ko an yi rashi a gida ba, ita kuwa ba za ta taɓa fara zancen ba. Ni ma ina tsaye, na yi shiru. Shirun nan yana cina har yau.

Na uku. Yanzu maƙwabta sun ce iska ce, har baffana ya kawo shawarar a kai ta inda ake sa wa mahaukata mari a ƙafa. Inna ba mahaukaciya ba ce. Baƙin ciki ne ya rasa ƙofar fita.

Ban kawo ƙarar likitan ba, abin da aka koya masa ya yi. Roƙona shi ne, tunda mun sami mulkin kai, kuma 'ya'yan ƙasa ke karatun likita, a koya musu ciwon da ba ya nunawa a jiki. In mace ta ce zuciya, su ajiye alƙalami su tambaye ta: wa kika rasa? Su kuma jira amsa, ko da ta daɗe.

Hutu mai zuwa zan sake kai ta, kuma ba zan yi shiru ba. Sunan da Inna ba ta iya faɗa shi ne Sule. Na rubuta shi nan domin in fara sabawa.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

'Yarka mai biyayya,
Hajara