Jujin Toka na Bayan Ɗaki

Ƙanena Motlatsi,

Ina gaishe ka, kai da ɗalibanka na Bloemfontein. Mutanen madatsar ruwan da za ta cinye garinmu sun zo sun shafa wa kaburbura jan fenti, har na Baba. Za su tone su, su kai sabon gari. Na nuna musu jujin toka na bayan ɗakina, suka ce ai shara ce. Ka dai san a nan tsofaffin mata suka binne jaririn da na haifa ba rai, kamar yadda ake yi. Ba dutse, ba suna. Ruwa zai hau kansa, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Ya zan yi?

Yayarka, Mapaballo

Ausi Mapaballo, yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Abin da nake koyarwa ke nan kullum: iko ba a hannun hukuma kaɗai yake ba, duk wanda ya buɗe baki ya ɗebi rabonsa. Ki miƙe a taron gari ki faɗa.

Naki, Motlatsi

Malam Motlatsi,

A gai da masu karatu. Na miƙe, na faɗa. Maza suka sunkuyar da kai. Mai gari ya ce, "Haba 'yar nan, maganar mata a gaban jama'a?" Sai jami'ar madatsa ta tafa, ta ce, "Irinki muke nema, Mama." Nan take aka sa ni a kwamiti, har da hula. Aikinmu zaɓen launin rufin sababbin gidaje. Yanzu duk matar da ke da ɗa a toka wurina take zuwa, ni ce mai cewa, "Ki yi haƙuri, ana dubawa." Da can suna iya zagin hukuma. Ni ba sa iya zagina.

A gai da iyali. Mapaballo

Ausi,

Gaisuwa. Wannan ci gaba ne, yanzu kina ciki. Kin yarda in ba da misalinki a aji?

Motlatsi

Ƙanena,

Ba da. Ranar tashi na tona jujin da kaina. Toka ta cinye komai, ko ƙashi ban gani ba. Na cika bokiti da ita, direban mota ya ce ba ya ɗaukar shara, na kuwa sauke da hannuna. Ka gaya wa ɗalibanka rufin shuɗi ne. Ni na zaɓa.

Sai wata rana. Mapaballo