Na kawo Inna Umara don kada ta shiga layin zaɓe

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni ma'aikacin famasi ne a Jidda, muna zaune a unguwar Safa da iyalina. Mahaifiyata Inna tana gida Najeriya, ga tsufa ga ciwon gwiwa ga hawan jini, amma tunda na yi wayo ban taɓa ganin zaɓe ya wuce ta ba. Wancan zaɓen a kan layi ta yanke jiki ta faɗi saboda rana da turmutsutsu, a waya aka gaya mini, ina nan ba yadda zan yi. Da ta warware, ita da matan unguwarmu suka yi ta sintiri wurin ɗan majalisarmu, suna neman a riƙa buɗe rumfuna tun kafin ranar zaɓe, tsofaffi da marasa lafiya da matafiya su je su kaɗa ƙuri'a a natse. Har yau amsar ɗaya ce, za a duba.

Da zaɓen gwamna ya matso sai tsoro ya kama ni, na nema mata bizar Umara, na sa ranar komawarta bayan zaɓe, da gangan. Na ce mata jirage ne duk sun cika. Yanzu tana gidana, ta yi Umararta alhamdulillah, amma jiya na same ta ta ciro katin zaɓe daga jaka tana jujjuya shi. Ko kaɗan ba ta zarge ni ba, cewa ta yi ka gani ko, da sun ji maganarmu da na jefa abina kafin in taho. Har ta kira ƙawayenta ta ce su kafa hujja da ita, ga ɗanta shaida. Wallahi kasa haɗa ido na yi da ita.

Matata ta san komai, mun yi faɗa, ta ce na mayar da uwata ƙaramar yarinya, ni kuma na ce ai ba ita aka kira ranar da Inna ta faɗi ba. Ta ce halas, magana ta ƙare, ko in faɗa wa Inna gaskiya ko ita ta faɗa.

Na duba, akwai jirgi kafin zaɓen. In na mayar da ita layin nan yana jiranta, kuma kafili, wato maigidana a wurin aiki, ba zai ba ni hutu in raka ta ba. In na yi shiru, ƙarya nake ci gaba da yi wa baiwar Allah da kullum take sa mini albarka don na kawo ta Ɗakin Allah.

Ku da kuke da tsofaffi a gida, in faɗa mata ta zaɓa da kanta, ko in riƙe ta a nan ta tsira da lafiyarta?