Kwalbar Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Baba.

Na zaɓi in rubuto ne domin in na kira ki zan faɗi abin da zan yi nadama. Baba ya gaya mini kin zuba masa farin garin nan a shayi, wanda na manta a kan firij ranar Asabar. Yaya, wa ya ba ki izini?

Wata takwas na yi a ɗakin gwaji a kansa. Buhu huɗu na busasshen ganye na jiƙa, na tace, na sake tacewa, hannuna har ya yi kanta, kafin na sami giram bakwai. Shi za a saka a na'ura ranar Alhamis ta makon gobe a gano ƙirar sinadarin da ke sa ganyen zaƙi. In babu shi babu digirina bana, ganyen kuma ba ya fitowa sai damina. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, tunda kin tuna kin tambaya.

Izini kike magana? Shekara shida ina auna wa Baba abinci saboda ciwon sukari, ina kallonsa yana shan shayi salam yana yamutsa fuska. Sai ga ki kin zo da kwalba kina ɗaga ta sama, kina cewa ya fi sukari zaƙi sau ɗari uku, kuma jiki ba ya ƙona shi, ba ya tayar da ciwon. Da bakinki kika faɗa, a gabansa. Kin ga yadda ya bi kwalbar da ido? Ba ki gani ba, kina can kina bayani.

Abin naki ma ba wani abin kirki ba ne. Na zuba cokali guda, ya kurɓa ya tofar, ya ce ɗaci kamar magani. Na ɗauka ganyen shayin ne ya lalace, na sake dafa wani na zuba cokali na biyu, shi ma kwata ta sha. Sai a na uku na ɗebi ɗan mitsitsi da bakin wuƙa. Ya shanye tas, ya rufe ido. Ragowar ta yi masa kwana huɗu.

Ki yi fushinki, malama mai farar riga. Ni ban ga abin da na yi ba.

Yayarki

Malam,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri.

Samfurin da kake jira ya salwanta a gidanmu, laifina ne da na fita da shi. Yayata ta zuba shi da cokali kamar sukari. Ba ta san in ya yi yawa harshe ɗacinsa yake ji ba, ban kuma taɓa zama na gaya mata ba.

Amma na yi lissafi, akwai mafita. Na'urar miligiram biyar kawai take buƙata. Garin yana manne wa gilashi, abin da ya maƙale a jikin kwalbar da cikin murfi zai kai haka, in na ɗauraye shi a hankali na busar. Don Allah kada a ba wani ranar Alhamis ɗina.

Ɗalibarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan yi jayayya da ke ba, kuma ba sai na yi miki bayanin da ba ki so ba. Ki aiko mini da kwalbata kafin Laraba, shi ke nan.

Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Na ga takardarki mai layi biyu, na san har yanzu kina ciki da ni. Na zauna na yi tunani, wata takwas ba wasa ba ne. Na yi laifi, ki yafe mini.

Ga kwalbarki. Na ji kunyar mayar miki da ita duk gari ya ɓata jikinta, sai na wanke ta da sabulu da ruwan zafi sau uku, har murfin na goge da tsohon buroshi. Za ki same ta fes kamar sabuwa.

Baba yana gaishe ki, ya ce yaushe za ki kawo masa wani.

Taki har kullum,
Yaya